Maganin da Ba Shi da Suna

Duk unguwar Gugulethu an san Zolile da baki. In za a je neman aure shi ake sakawa a gaba. In an yi rasuwa shi ke miƙewa ya jero kakannin mamaci ɗaya bayan ɗaya, har tsofaffin mata su fara gyaɗa kai suna share ido. Aikinsa kuwa na shiru ne, yana zaune shi kaɗai can sama cikin ɗan ɗakin gilashi a tashar jiragen ruwa, yana sauke kwantena da ƙugiya. Matarsa Thobeka, wadda ke dafa wa yaran wata firamare abinci, takan ce maganar da ya tara a sama ce yake dawowa ya juye mata a kicin.

Shi ya sa ranar da ya nuna gishiri a kan tebur ya ce, "MaDlomo, miƙo min takalmin nan," dariya ta yi. MaDlomo sunan danginta ne, da shi yake kiranta tun kafin aure. Shi ma ya yi dariyar, sai dai ta lura ya daɗe yana kallon gishirin, kamar wanda ya haɗu da tsohon sani ya kasa tuna inda ya san shi.

Da aka je asibiti, ashe ƙari ne a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, sankara irin mai saurin yaɗuwa. Aka yi tiyata aka cire abin da za a iya cirewa, aka yi ta gasa wurin da na'ura har fatar kansa ta yi duhu, ya sha ƙwayoyin da suka ɗauke masa ɗanɗanon abinci. Kafin shekara ta zagayo, abin ya dawo.

Dakta Moodley ce ta kawo musu zancen gwajin wani sabon magani. Mace ce 'yar ƙarama mai magana a hankali, ba ta murmushi don ta faranta wa kowa.

"Ba zan ce muku waraka ce ba," in ji ta. "Gwaji ne. Mun duba ɗan naman da aka ciro daga kanka, mun ga wata alama a jikin ƙarin wadda ba kowa ke da ita ba. An haɗa ƙwayar ne don ta bi wannan alamar ta ƙyale sauran jiki. Ko suna ba a raɗa mata ba tukuna, lamba ce kawai."

"Wato ɓeraye kuke nema, Dakta," in ji Zolile.

"Ɓeraye sun gama nasu aikin. Yanzu layi ya zo kan mutane."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. Thobeka ba ta yi ba, domin likitar ta ci gaba da cewa in ƙarin ya ƙaru, ko jikinsa ya nuna ba ya ɗaukar maganin, dole a tsayar, kuma ba ita kaɗai ke yanke wannan hukunci ba.

"In an tsayar kuma fa?" Thobeka ta tambaya.

Dakta Moodley ta dube ta ido cikin ido. "Sai mu kula da shi kada ya wahala, Mama."

Ba ta ƙara tambaya ba.

Haka suka shiga. Ƙwaya safe da yamma, fara sol, Thobeka ce ke ciro ta daga kwalba ta sa masa a tafin hannu. Lokaci-lokaci su hau motar haya zuwa asibiti a ɗebi jini, a auna shi, nas ɗin gwajin Sista Abrahams ta jero masa tambayoyinta. A bencin jira suka saba da wani farin dattijo manomin inabi, Oom Hennie, wato Kawu Hennie, wanda shi ma ƙwayar yake sha, tabon tiyatarsa a gefe ɗaya da na Zolile.

"Ni da kai wanzami ɗaya ya yi mana aski," in ji Oom Hennie ranar farko, yana shafa tabon.

"Naka ya fi karkacewa, Oom. Da kai ya fara koyon aikin."

Tun daga nan ba su rabu ba. Dattijon kan zo da busasshen nama a aljihu su yi ta tauna a ɓoye kamar 'yan makaranta, matarsa Tannie Elsabe, wato Gwaggo Elsabe, na gefe tana saƙa, tana yi kamar ba ta gani.

Sai kuma maganin ya soma nuna kansa. Kalmomin da suka gudu suka fara dawowa gida. Hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka ya nuna ƙarin ya tsaya, har ya ɗan ja da baya. Wata Lahadi Zolile ya miƙe a coci ya yi godiya, ya yi ta zuba har Fasto ya fara duba agogo, mutane na dariya suna hawaye. Thobeka na zaune ta dunƙule hannu a cinya. Tsoron yin murna take ji, kamar in ta ɗaga murya wani zai ji ya zo ya karɓe.

Lahadin da ta biyo baya, da hantsi, tana gaban murhu tana juya masara da wake, shi kuma yana zaune yana feraye mata kabewa yana ba ta labarin wani shugaban aikinsu na da. A tsakiyar magana ya yi shiru. Ta ji wuƙa ta faɗi ƙasa.

Da ta waiwaya, hannunsa na dama na rawa shi kaɗai kamar ba nasa ba. Bakinsa ya ja gefe, idanunsa a buɗe amma ba ita suke kallo ba. Ya zame daga kujera, kansa ya bugi ƙafar tebur, jikinsa duka ya kama jijjiga. Ta durƙusa ta juya shi a kan gefensa yadda aka koya mata, ta tura zanen goge hannu ƙarƙashin kansa. Tana kiran "Tata, Tata," wato Baba, yadda ta saba kiransa, muryarta ba ta fita. Tukunya na tafasa tana zuba a wuta, ta kasa tashi ta kashe.

Da abin ya sake shi, wandonsa ya jiƙe. Ya daɗe kwance yana numfashi kamar wanda ya yi gudu. Ta miƙa hannu za ta ɗauko waya, ya riƙe mata tsintsiyar hannu da hagunsa.

"Wa za ki kira?"

"Sista Abrahams. Ta ce ko ranar Lahadi ce a kira."

"Kada ki kira."

"Tata, ka ga abin da ya faru kuwa?"

"Ban gani ba, ke kika gani. Ke kaɗai." Ya haɗiye yawu. "In kika faɗa za su cire ni. Kin ji abin da matar nan ta ce. In suka cire ni, gida za mu dawo mu zauna muna kallon juna har ranar."

"In kuma ƙwayar ce ke yi maka haka?"

"Ƙwayar ce ta dawo min da bakina. MaDlomo, ban taɓa roƙonki abu ina kwance a ƙasa ba."

Ta ajiye wayar. Ta taimaka masa ya canza kaya, ta wanke daɓen, ta kankare abin da ya ƙone a tukunya. Da 'yarsu Lihle ta kira daga Johannesburg da yamma, Thobeka ta ce mata kowa lafiya.

Ranar asibiti Sista Abrahams ta jero tambayoyinta kamar kullum. Ciwon kai? Amai? Jiri? Jijjiga? Zolile na amsawa babu, babu, har da tsokanarta cewa ta fi 'yan sanda bincike. Sista ta juyo.

"Mama, ke da kike tare da shi, kin ga wani abu?"

"Babu," in ji Thobeka. Ta ji kalmar ta fita da sauƙi, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Daga ranar ba ta sake samun natsuwa ba. Ta kwashe wuƙaƙe ta kai saman kabad. Ta cire sakatar banɗaki ta ce lalacewa ta yi. A wurin aiki tana raba wa yara abinci hankalinta na gida, da ta samu sarari sai ta kira shi, in wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka da wuri ba sai ta ajiye ludayi ta sake kira. In ya yi shiru a tsakiyar magana don ya sha ruwa, takan tsura masa ido har sai ya ajiye kofin. Kuma safe da yamma ita ce dai ke sa masa ƙwayar a hannu.

Zuwan da suka yi na gaba, wurin zaman Oom Hennie babu kowa. Zolile ya ce ƙila dattijon ya makara ne wajen zagin ma'aikatansa. Aka kira shi ɗiban jini ya shiga. Thobeka na zaune sai ga Tannie Elsabe ita kaɗai, ba kayan saƙa, sai wata 'yar leda a hannu da kwalaben magani a ciki. Ta zo mayar da ragowar ne.

Ta zauna kusa da Thobeka, ta ɗora ledar a cinya.

"Ranar Talata ne," in ji ta. "Ya karya kumallo lafiya, ya ce min zai duba famfon ban ruwa. A bakin ƙofa ya faɗi. Jini ne ya fashe masa a ka."

"Ƙarin ne, Tannie?"

"Na tambaye su. Sun ce zai iya zama ƙarin, zai iya zama ƙwayar. Ba su sani ba, 'yata. Su ma bincike suke." Ta shafa ledar. "Ni ce nake ba shi, kin sani. Da hannuna. Shi mantuwa gare shi."

Thobeka ta kama hannunta. Hannun dattijuwar sanyi ƙalau.

A motar komawa gida ta gaya wa Zolile. Ya juya fuska ga taga har suka wuce filin jirgin sama. Sannan ta matso kusa da kunnensa don kada fasinjoji su ji.

"Tata, mu koma mu faɗa musu."

"Hennie ya girme ni nesa ba kusa ba. Ga hawan jini."

"Ba ka san ko shi ne dalili ba."

"Ke ma ba ki san komai ba. Sau ɗaya abin ya faru, bai sake ba."

"In ya sake ina wurin aiki fa?"

"To ki samu gawata da bakinta a cike, ya fi ki yi ta jinyar bebe." Ya faɗa da wasa-wasa, amma hannunsa na dama na kan gwiwarsa, ta ga yatsun na motsi a hankali, ya sa hagu ya rufe su.

Ba a yi mako ba. Ta dawo daga aiki da la'asar ana yayyafi, ta tarar da ƙofar gida a buɗe, rediyo na yi, wayarsa a kan tebur. Ta duba banɗaki, ta duba bayan gida, ta leƙa har ƙarƙashin gado ba tare da ta san dalili ba. Rigar aikinsa mai ɗaukar ido, wadda ke rataye bayan ƙofa tun da ya daina zuwa tasha, ba ta nan.

Ta fita da gudu ko lema ba ta ɗauka ba. Maƙwabta ba wanda ya gan shi. Ta bi layi-layi tana leƙa kwalbati, tana kallon duk inda mutane suka taru. A tashar motocin haya ta hango rigar. Wata mai gasa nama ta zaunar da shi a kan akwatin lemo ƙarƙashin rumfarta, ta yafa masa bargo.

"Naki ne, 'yar'uwa?" in ji matar. "Tun ɗazu yake tsaye a tsakiyar titi, motoci na kauce masa. Na tambaye shi sunansa, ya buɗe baki ba abin da ya fito. Na ɗauka ya sha ne, sai na ga tabon."

Thobeka ta durƙusa a gabansa. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Gefen bakinsa da jini inda ya ciji harshe. Ya gane ta, ta ga haka a idonsa, ya yi ta ƙoƙarin furta wani abu, leɓɓansa na motsi, sai iska kawai ke fita.

Ba ta kai shi gida ba. Wani direba ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke su kai tsaye zuwa asibiti. A gaban Dakta Moodley da Sista Abrahams, Zolile na kwance a gadon turawa yana ji, ta faɗi komai: ranar kabewar, faɗuwar, yatsun da ke rawa, da "babu" ɗin da ta ce. Ba wanda ya yi mata faɗa. Sista ta miƙo mata tawul ta goge kanta. Da Thobeka ta juya wajen mijinta, ya rufe ido ya kau da fuska zuwa bango.

Washegari likitar ta nuna mata hoton a kwamfuta. Farin tabon da a da bai fi ƙwallon goro ba yanzu ya bazu, ya tura tsakiyar ƙwaƙwalwar gefe.

"Ya girma," in ji Thobeka.

"Abin da ke hoton ya girma. Ko ƙarin ne, ko kumburi, ban sani ba. Wani lokaci in magani ya kashe wani sashe na ƙarin, wurin kan kumbura, a hoto kuma kamarsu ɗaya. Za mu tsayar da ƙwayar, mu ba shi maganin kumburi da na jijjiga, mu jira 'yan makonni mu sake ɗauka. In ya ragu, kumburi ne. In bai ragu ba, kin san sauran."

"A tsayar? In kuma ita ce ke riƙe da shi?"

"Zai iya yiwuwa. Amma ba zan ci gaba da ba shi ba kansa na haka."

Makonnin nan su ne mafi tsawo a rayuwar Thobeka. Ta ɗauki hutu a wurin aiki. Lihle ta zo ta yi kwanaki, ta yi kuka, ta yi wa uwarta faɗan ɓoye mata, ta koma don ba a ba ta hutu mai yawa ba. Maganin kumburin ya hura wa Zolile fuska, ya sa masa yunwa da saurin fushi. Hannunsa na dama ya zama kamar kayan aro, sai ya ɗauke shi da hagu ya ɗora a cinya. Kuma bai yi mata magana ba. Takan kawo abinci ya ci, ta yi masa wanka ya bari, ta tambaye shi ko yana jin ciwo ya kalli bango. Abin da ke cin ta shi ne ba ta san ko ya kasa ba ne ko ya ƙi. In fushi ne, za ta iya ɗauka, ko shekara zai yi. In kuwa ƙarin ne ya cinye wurin maganar, to tana zaune tana kallo yana ci, kwalbar da za ta iya hana shi kuma tana kulle a asibiti saboda bakinta. Har ta kai tana addu'ar Allah Ya sa haushinta yake ji.

Wata rana ta laɓe a bayan ƙofa bayan ta ce masa za ta shago. Ta ji shi a ɗaki shi kaɗai yana gwadawa, ƙasa-ƙasa. "Ko... kof... kofi. Ta... taga." Yana yi yana tsayawa yana huci. Ta sulale ta zauna a daɓe ta toshe bakinta da zane. Ko da ta shiga daga baya, bai nuna ya san ta ji ba, ita ma ba ta nuna ba.

Ranar hoto na biyu aka tura shi cikin na'urar, tana waje tana jin ƙararta kamar ana dukan ƙarfe. Suka jira har bayan azahar kafin Dakta Moodley ta kira su. Ta jera hotunan biyu gefe da gefe. Thobeka ta kasa kallo, fuskar likitar ta tsura wa ido.

"Ya ragu," in ji Dakta Moodley. "Ba duka ba, amma ya ragu sosai. Kumburi ne mafi yawansa. Na yi magana da masu kula da gwajin, sun yarda ka koma, a kan rabin abin da kake sha a da, tare da maganin jijjiga. In ka sake ɓoye min ko atishawa, da kaina zan cire ka."

Sai a lokacin Thobeka ta dubi hotunan. Ta dafa tebur. "Hannun fa, Dakta? Da mun faɗa tun ranar farko..."

"Da mun fara maganin kumburin da wuri. Ƙila da hannun bai kai haka ba. Ƙila kuma da ya kai. Ba zan rantse miki a kan ko ɗaya ba."

"Ƙarin kuma?"

"Yana nan. Yau dai bai motsa ba. Bayan wata biyu mu sake dubawa."

Sista Abrahams ta kawo sabuwar kwalba ta damƙa wa Thobeka. A hanyar fita suka wuce bencin jira, wata matashiya da ɗankwali a kai na zaune da mahaifinta, sabbin shiga, suna ta kallon ƙofa.

Hannun bai dawo ba. Maganar ta dawo rabi, a hankali, da tuntuɓe, ba a sake kiran Zolile neman aure ko jana'iza ba. Ƙwayar ta riƙe shi damina biyu, kowane hoto Thobeka na shiga ɗakin likita tare da shi, kafin daga baya ƙarin ya samu hanyar da ya bi ya wuce maganin. A gida ya rasu, a gadonsa, Lihle na riƙe da ƙafafunsa.

Amma a yammacin da suka dawo da sabuwar kwalbar ba wanda ya san haka. Ta zuba ruwa a kofi, ta buɗe murfin, ta tsaya da ƙwayar a tsakanin yatsunta ta kasa miƙawa. Zolile na zaune a bakin gado yana kallonta. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ma... Dlomo." Ya numfasa. "Hannunki... rawa."

"Na sani."

Ya miƙo tafin hagunsa. Ta sa masa. Ya haɗiye, ya sha ruwa, ya miƙo mata kofin. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, gwiwarta na taɓa tasa, tana kallon bakinsa da yatsunsa, tana jira.